Ɗacin Dilo

Asabar, bayan la'asar

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami. Ni ne Muttaƙa na gabas da rijiya, a ƙasar Yekuwa. Ban taɓa taka lekol, makarantar boko, ba, ban kuma yi da-na-sani ba, ajamin da na tsinta a zauren kawuna ya ishe ni. Abin da ya sa nake rubutu, matata Tata, wadda nake kai wa ƙara kullum da yamma, ta daina amsa mini, ni kuwa ƙarata ba ta ƙare ba.

Ƙarar yau ita ce Zahara'u, jikata, 'yar Hamisu. Ta iso daga Damagaram a bayan moto da ƙananan kwandunan kaba an ɗaure su cunkus kamar kajin kasuwa. Wai sunansu fanye. Wai duk baƙon da zai zo bikinta daga birni za a miƙa masa guda, da abin taɓawa na ƙasarmu a ciki. Na ce a zamaninmu ruwa ake ba baƙo da fura, ya sha ya yi hamdala. Ta ce, "Tsohon mijina, kishi ke cin ka don na sami yaro." Na ce yaron da bai iya ɗaure jaki ba, ta je ta gani.

Ta shiga ɗakin kakarta ta daɗe. Da ta fito ba ta sake yi mini wasa ba.

Tata ba ta ci ba.

Lahadi, hantsi

Sun baje tabarma a gindin itacen bedi, ita da uwarta Hinda, suna shawarar abin da za a zuba. Ba wanda ya tambaye ni, don haka na matsa kusa.

Hinda ta ce ƙuli. Na ce in ƙuli ne a aika Kwaya, kada a sayo na tashar Magarya mai ɗanɗanon hayaƙin mota. Zahara'u ta ce goriba. Na ce haƙoran mutanen birni na aro ne, za mu biya diyya. Sun amince da aya, da kantun riɗi, da dakuwa, da 'ya'yan magarya na itacen da ke kan iyakar gonata, wanda maƙwabcina Mohamman ke cewa nasa ne, alhali ba nasa ba ne.

Sai yarinyar nan ta ce, "Saura guda, shi ne ma babba. Dilo."

Na rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake ba. 'Ya'yan anza ne, ɗan itacen nan na fako da ko akuya ba ta so. Ɗaci gare su mai juya ciki, sai an jiƙa an yi ta canja ruwa kafin bil'adama ya kai baki. Abincin shekarar yunwa ne. Wanda ya miƙa wa baƙo shi ya gaya wa duniya rumbunsa ƙasa ce a ciki.

Hinda ta sunkuyar da kai tana tsintar tsakuwa a cikin aya, ayar da ba tsakuwa. Na tashi na bar musu tabarmarsu.

Tata ta kurɓi ruwa. Kunu ta kau da kai.

Litinin, da safe

Ba a gidana ba.

Talata, bayan azahar

Mohamman ya zo. Tun muna kiwon awaki ba wando yake ba ni haushi, har yau bai huta ba. Ya zauna a kan turmin da na hana kowa zama, ya ce, "Muttaƙa, ka ji a Damagaram cikin leda ake sayar da shi? Har da rubutun nasara a jiki. Masu mota ke saye."

Na ce ƙarya yake. Zahara'u ta shiga ta ɗauko a jakarta. Biskit ne sak, da zanen ganyen anza a kan ledar, na gane ganyen tun daga nesa. Na juya shi, na sake juyawa. Ikon Allah. Abin da muka ci muna ɓoyewa a bayan danga kada maƙwabci ya gani, alhali maƙwabcin shi ma shi yake ci. Yau ga shi da riga mai walƙiya. Ban ci ba. Na sa a aljihu don kada Mohamman ya cinye.

Ɗana sunansa Hamisu, na biyar ke nan, amma shi ne babba a gidan nan. A waccan shekara ta yunwa na rantse abin nan ba zai sake shiga gidana ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Ba ta ci ba.

Alhamis, hantsi

Hamisu ya ce an matso da biki, ba za a jira bayan shuka ba. Ya ce dangin Abdulmajid, angon, sun yarda. Ban tambayi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Haka suka yi mini a gidan likita na Magarya, ranar da muka kai Tata a amalanke daga bakin rijiya inda ta zauna ta kasa tashi. Lokotoro, likitan wurin, ya ja Hamisu gefe suka yi ta Faransanci, ni da na aure ta ina tsaye riƙe da takalmanta. Abin da aka fassara mini kaɗai, a kai ta gida.

To, ga ta a gida. Hannun dama yana kwance inda aka ajiye shi. Idanun nata ne, sun san kowa. Cokali dai in ya doso sai ta dubi bango.

Tun tana amarya ba ta taɓa cin abin da ba ita ta dafa ba. Na gaya musu, sun ce ba wannan ba ne.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Bari in rubuta a hankali.

Na ce wa Zahara'u ko na yarda, ban kuwa yarda ba, ina za ta sami abin nan yanzu da za a cika kwanduna? Ta dube ni, ta dubi uwarta. Ta ce, "Zo ka gani, amma kada ka yi ihu, tana ji."

A ɗakin Tata, bayan gado, akwai babbar randa da faifai a kai da tsohuwar tabarma. Na san randar. Tun ban yi furfura ba nake ganinta, na ɗauka kanwa ce ko tarkacen mata. Yarinyar ta ɗaga faifan.

Cike take har wuya. An ɓare, an busar, an sheƙe, tsaf, ko ƙwaro ɗaya babu.

Zahara'u ta ce kowace shekara in ya nuna sai kakarta ta ce za ta itace, ta nufi fako. Ta zubar da na bara, ta zuba sabo. Ta ce tun tana ƙarama take bin ta, ita ke riƙe ƙwarya. Har shekarar da hatsi ya yi yawa muka rasa rumbu, har shekarar da Hamisu ya yi mana rufin kwano, ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Hinda ta sani. Matan unguwa sun sani. Ina jin har jakina ya sani.

Na juya na dubi Tata a kan gado. Ba ta kau da ido ba. Ni na kau da nawa.

Matar da nake kwana da ita ɗaki ɗaya, ina ta cika baki a zaure cewa yunwa ta yi ban kwana da gidana, ashe ita tana tsare da ƙofa a bayana ban sani ba. Subhanallahi. Na ji haushi ƙwarai, ina kuma jin wani abu da ba haushi ba, ban san inda zan ajiye shi ba.

Asabar, da yamma

Na gaya wa Mohamman maganar rantsuwata. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Cewa ka yi ba zai sake shiga ba. To ai bai shiga ba, bai dai taɓa fita ba. Rantsuwarka lafiyarta ƙalau, kai ne dai sakarai."

Liman ma da na tambaye shi a kaikaice kusan haka ya ce, ban da sakaran.

Litinin, hantsi

Sun tafasa shi sun jiƙa a randa biyu. Ni ban ce a yi ba, ban dai hana ba.

Sai na ga Hinda na tuttula ruwan famfo daga bido, ruwan da ya wuni a roba yana warin roba. Na ce Tata da ruwan rijiya take jiƙawa. Ta ce, "Baba, rijiya ta yi nisa ƙasa, ga aikin biki, wa zai ja?" Na ce da can wa ke ja? Ta ce, "To Baba."

Wannan "to Baba" ɗin na san ma'anarsa. Na ɗauki guga.

Ɗaya daga cikin matan bakin rijiya ta ce, "Malam Muttaƙa, shanu aka sayo?" Na ce i, uwarki aka sayo. Bazara ta janye ruwan, igiya sai ta kusa ƙarewa kafin ka ji guga ya taɓa. Kafaɗata ta gaya mini shekaruna. Ita kullum haka take ja, ta kuma dawo ta daka.

Talata, la'asar

Na canja ruwa safe da yamma. Na ɗauki ƙwara ɗaya na tauna, na ce ya yi, a kwashe. Hinda ta ɗanɗana ta ruga bayan danga tana kakari. Mohamman, wanda ba a gayyace shi ba, ya ce, "Harshen da goro da taba suka kashe tun zamanin tsohon kwabo? Ko maɗaci aka ba shi zai ce zuma."

Gaskiya ne ban ji komai ba. Ban faɗa musu ba.

Zahara'u ta ce babban ɗacin kowa na jin sa. Na ƙarshen ne mugu, wanda ke laɓewa a maƙogwaro, shi ke kwantar da mutum. Ta ce harshe ɗaya ne a gidan nan ya san inda yake ƙarewa. Na ce mutumin da ko kunu ba ya karɓa za ki ɗura wa wannan? Ta ce, "Ba ci za ta yi ba, Kaka. Aiki za mu ba ta."

Na ce a'a.

Laraba, da hantsi ya ɗaga

Ni na kai mata, da ba kowa a tsakar gida. Na murƙushe ƙwara ɗaya a tafin hannuna na ce, "Tata, wai sun ce ya yi. Ni ma na ce ya yi."

Ta dubi hannuna. Ta daɗe tana dubansa. Sai ta buɗe baki.

Allah mai iko. Ta juya shi a harshe ta ɓangaren da ke motsi, ta yamutsa fuska irin yadda take yi in na sayo mata daddawar banza, ta tofar a kan rigata. Ta ɗaga hannun hagu ta kifar da tafin, a zubar ke nan. Sannan ta nuna murhu. Ban gane ba, ta sake nunawa da ƙarfi har gadon ya motsa. Toka take nufi. A sa ruwan toka.

Ɗacin ya dame ta, ta nemi ruwa da ido. Babu ruwa kusa sai kunun da Hinda ta ajiye tun safe. Na miƙa. Ta kurɓa don ta kashe ɗaci, ta sake kurɓa. Na yi kamar ina kallon rufi.

Na fita na zauna a zaure. Ban tafi rijiya ba sai bayan azahar.

Alhamis, magariba ta kusa

Ta tofar. Ta sha kunu rabin ludayi.

Juma'a, da safe

Ta tofar. Kunu ludayi guda, da ɗan nono. In Hinda ta kai mata ƙwarar ba ta buɗe baki, sai ni. Ina zargin yarinyar nan Zahara'u tun daga Damagaram ta ƙulla wannan, fanyen nata duk hanya ce. Na tambaye ta, ta ce, "Ni amarya ce, ban san komai ba sai lalle." Ba a taɓa gaya mini gaskiya a gidan nan.

Lahadi, azahar

Ƙuli ya iso daga Kwaya, an karya kantu, Mohamman ya kawo magarya cikin ƙwarya yana cewa gudummawarsa ce, daga itacena. Kwanduna na jere a ɗakin Hinda, kowanne da gurbi a tsakiya yana jira.

Tata ta tofar.

Hinda ta same ni a bakin randa, ta rage murya. "Baba, tun shekaranjiya ɗacin nan ya fita. Na ɗanɗana, Zahara'u ta ɗanɗana, har maƙwabta. In ya ƙara kwana a ruwa tsami zai yi, ga shanya, ga niƙa, biki Asabar."

Na ce ita ta fi Tata sani? Ta ce a'a. Na je na ja ruwa.

Litinin, bayan la'asar

Na kai mata. Ta juya a baki, ta tofar, ta kifar da hannu. Amma na ga wani abu. Fuskar ba ta yamutse ba. Kuma gefen bakin da ke motsi ya ɗan ja sama.

Na ce, "Tata."

Ta dubi bango.

Na ce, "Tata, wasa kike da ni? Kafaɗata ta kumbura, matan rijiya sun sa mini suna Baba Mai Guga, jikarki za ta ji kunya gaban surukai, ke kina kwance kina aike na kamar ɗan riƙo?"

Kafaɗarta ta hagu ta soma girgiza. Na tsorata, na ɗauka abin ne ya dawo, har na buɗe baki zan kira Hamisu. Ashe dariya ce. Ba sauti, sai hawaye ta ido ɗaya. Dariya take yi mini, a gadon da lokotoro ya ce a kai ta.

Ta miƙo hannu da kanta ta ɗauki wata ƙwara a tafina. Ta sa a baki tana kallona cikin ido. Ta tauna. Na ga maƙogwaronta ya motsa.

Na ce wa Hinda a kwashe. Ban yi bayani ba. Kafin su zo na ɗebi ƙwarya guda na ɓoye a zaure, ni ma na iya ɓoyo.

Laraba, rana tsaka

An shanya a kan tabarmi, fari fat, ni ke korar kaji. Gobe za a niƙa a yi cincin da zuma. Na ci guda cikin na gwaji. Ban ji ɗaci ba, ban ji zaƙi ba, amma maƙogwarona ya gane shi, sai da na tashi na zaga bayan gida.

Tata ta sha fura.

Lahadi, hantsi, washegarin biki

Jiya motoci suka tsaya a gindin kuka, yashi ya hana su ƙarasowa, manyan mutane da manyan riguna suka tako da ƙafa. Aka ɗaura aure. Abdulmajid ya durƙusa ya gaishe ni. Hannunsa laushi kamar na jinjiri, amma ya iya gaisuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Aka raba kwanduna. Matasa suka yi ta ɗaukar su hoto da salula kafin su ci, ban san amfanin haka ba. Ƙulin Kwaya ya sha yabo, ba wanda ya ce Muttaƙa ne ya ba da shawara.

Ni ina zaure ina jiran kunya. Sai na ga kakar ango, wata Hajiya doguwa mai tabarau da zoben zinariya, ta ɗauki cincin ɗin ta gutsura. Ta tsaya da taunawa. Ta shinshina sauran. Ta ce da Zahara'u, "'Yar nan, anza ce?" Ta ce i. Hajiya ta ce, "Wa ya jiƙa?"

Na yi gyaran murya, ba wanda ya waiwayo. Aka nuna mata ɗakin Tata.

Na bi su na tsaya daga ƙofa. Matar nan ta tuɓe takalma, ta ƙi kujerar da aka kawo, ta zauna a ƙasa da tsadadden zanenta, ta kama hannun Tata na hagu. Ta ce, "Mu a arewa muka ci namu. Ba gishiri." Shi ke nan abin da ta ce. Tata ta lumshe ido ta buɗe. Suka zauna haka, ga kiɗa a waje, ga guɗa, su ba su san ana yi ba.

Ashe su ma. Da motocinsu da tabaransu. Duk shekarun nan na ɗauka kunyar gidana ce ni kaɗai.

Da za a tafi da amarya ta shiga ta kifa kai a ƙirjin kakarta. Da ta fito ta ce mini, "Tsohon mijina, na bar maka aiki." Na ce ta wuce, mota na jira. Ƙurar motar ce ta shiga mini ido.

Litinin, da yamma

Gida shiru. Ba ta ci ba.

Talata, da yamma

Ba ta ci ba. Ta dubi bango. Hamisu ya tsaya a ƙofa yana juya salula a hannu.

Laraba, bayan la'asar

Na ɗauko ƙwaryata daga zaure. Na ce Hinda ta ba ni tukunya ta kuma bar mini murhu, ta ce to Baba, wannan karon ba irin wancan ba. Na dafa shi har ya yi luguf, na dame da ludayi. Na zuba man gyaɗa, na barbaɗa garin ƙuli da gishiri, duk abin da babu a waccan shekara na zuba, har ya yi yawa.

Na ce, "Tata, dilo ne. Ni na dafa. Ki duba ko na ɓata."

Ta yamutsa fuska, gishirin ne. Ba ta tofar ba. Ta karɓi na biyu, ta karɓi na uku, har ludayi ya soma kankarar kwano. Na miƙe zan fita da kwanon sai na ji wani sauti a bayana, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ƙara."

Na tsaya da kwano a hannu. Tun bakin rijiya ban ji muryar nan ba. Ya Rabbi.

Ban san wanne take nufi ba, in ƙara mata dilo, ko in kawo ƙarata ta yamma da na saba. A ajamina duk rubutunsu ɗaya. Ban tambaya ba. Na koma murhu na cika kwanon, na dawo na zauna a bakin gado, na fara daga kan Mohamman da magaryata.